Yadda ake sauraren rezo ba tare da kwamfutarka ta ce uffan ba

Wata makaranta a nan Maradi ta taɓa kirana kan wata matsala mai wasan ɓuya: intanet sai ya yanke wa wasu kwamfutoci, ba duka ba, kuma ba kullum ba. Na ɗauki kwamfutar hannuna, na tafi da yaron shagona, na cusa kabul a suwicinsu, na buɗe Wireshark, manhajar kallon fakitoci, wato guntayen saƙon da ke yawo a rezo, don in ga wane ne ke ɓarna. Fakitocin farko da suka zubo a allo duk nawa ne. Kwamfutata ta nemi adireshi ta DHCP, tsarin da ruta ke raba adireshi da shi, ta tambayi maƙwabta ta ARP, tsarin tambayar wa ke riƙe da adireshi kaza, ta kuma yi shelar sunanta ga duk wanda ke ciki. Abin bai tsaya nan ba. A lokacin an ɗauke kuran, rutar da suwicin na kan batirin ajiya amma firintar ofishin shugaban makarantar a kashe take, sai rutar ta miƙa mini adireshin da aka kafa wa firintar da hannu. Da wuta ta dawo, firinta ta ƙi aiki. Na zo gyara, na ƙara musu wata.

Yaron ya dube ni ya ce, "Maigida, ashe mai laɓe ma yana tari." Tun ranar ban ƙara haɗa na'urar sauraro da rezon mutane ba sai na ɗaure mata baki tukuna.

Amfanin shirun ba don kunya ba ne kawai. In kana neman kwamfutar da ƙwayar cuta ta kama, ko wani da ya kutso, ba ka son ya ga baƙuwar na'ura. In a banki ne ko wurin da aka kafa wa suwici dokar adireshi ɗaya a ƙofa ɗaya, fakiti guda daga gare ka ya isa ya sa ƙofar ta rufe kanta. Sannan shaidar da ka tara ba ta da tsabta in rabinta surutunka ne.

Kafin komai: wannan aiki ana yin sa a rezonka ko rezon da mai shi ya ba ka izini, kuma gara izinin ya zama a rubuce. Nijar na da dokar hukunta laifukan intanet tun 2019, kuma tare bayanan mutane ba da izini ba yana cikin abin da ta hana.

Inda za ka zauna

Da yawa a nan suke faɗuwa tun ba a fara ba. Su cusa kabul a kowace ƙofa, su kunna yanayin promisc, wanda katin rezo ke karɓar duk abin da ya iso gare shi, su yi ta jira, ba su ganin komai sai shela. Dalili shi ne suwici ba mai shela ba ne, ɗan aike ne. Ya haddace wane adireshin MAC, wato lambar jikin katin rezo, ke bayan wace ƙofa, saƙon Audu ƙofar Audu kawai yake kai wa. Tsohuwar na'urar hob ce ke maimaita komai ga kowa, ita kuwa yanzu sai a kwandon tsofaffin kaya.

Hanya biyu ce ta rage. Ta farko madubi: ka ce wa suwici duk abin da ya shiga ko ya fita ta ƙofa kaza, ya kwafa ya turo ƙofa kaza. A Cisco sunan abin SPAN, layi biyu ne:

`monitor session 1 source interface Gi0/1 both`
`monitor session 1 destination interface Gi0/24`

A MikroTik da guntun suwicinsa ya iya:

`/interface ethernet switch set switch1 mirror-source=ether1 mirror-target=ether5`

Ƙananan suwici masu shafin saiti irin TL-SG108E na TP-Link su ma suna da madubi, da linzami ake zaɓa. Sai dai a kula da bambanci guda. Ƙofar madubin Cisco, in ba ka canza mata ba, ba ta karɓar abin da kwamfutarka ta turo, ta toshe kunne. Da yawa daga cikin masu araha kuwa ƙofar madubinsu ƙofa ce kamar kowace, tana kwafo maka kuma tana shigar da duk abin da ka faɗa. Irin waɗannan ne suka fi yawa a ofisoshinmu da wuraren shiga intanet na unguwa, shi ya sa sauran matakan suka zama dole.

Madubi na da iyaka. Layin gigabit ɗaya na iya ɗaukar gigabit zuwa, gigabit dawowa, kai kuma ƙofarka gigabit ɗaya ce, in layin ya cika wani abu zai zube ba sanarwa. Kuma fakitin da ya lalace a hanya suwici kan jefar da shi kafin ya kai madubi. Ga ƙaramin ofis wannan ba abin damuwa ba ne.

Hanya ta biyu na'urar tatsa ce, wadda ake kira TAP, za mu zo kanta.

Ɗaure bakin kati a Linux

Ka ware kati guda don sauraro kaɗai. Ni ɗan adaftan USB mai ramin kabul nake amfani da shi, Wi-Fi ko katin cikin kwamfutar kuma na bar shi don harkokina. Duba sunansa da `ip -br link`. Na USB kan zo da dogon suna mai farawa da enx; a nan zan riƙa rubuta eth1, kai ka sa naka.

Duk abin da ke tafe a yi shi kabul na cire. Kati ya fi surutu a daƙiƙun farko da ya ji layi ya haɗu, in ka cusa kafin ka gama saiti, aikin gama ya gama.

Fara da korar mai kula. A Ubuntu da ƴan uwansa NetworkManager ne ke tsalle ya nemi adireshi da zarar ya ji kabul:

`nmcli device set eth1 managed no`

Wannan na ɗan lokaci ne. Don ya dore, buɗe sabon fayil a `/etc/NetworkManager/conf.d/` ka rubuta `[keyfile]` a layin farko, `unmanaged-devices=interface-name:eth1` a na biyu. In kwamfutarka da dhcpcd ko systemd-networkd take aiki, su ma a cire katin daga hannunsu.

Sai waɗannan, a jere:

`ip link set eth1 down`
`ip addr flush dev eth1`
`sysctl -w net.ipv6.conf.eth1.disable_ipv6=1`
`ip link set eth1 arp off`
`ip link set eth1 promisc on`

Layi na uku shi ne wanda aka fi mantawa, kuma shi ya fi tona asiri. IPv6 ba ya jiran kowa ya ba shi adireshi. Da kati ya tashi zai ƙirƙiro wa kansa mai farawa da fe80, ya tura tambaya ko wani na riƙe da shi, ya nemi ruta, ya sanar da ƙungiyoyin da ya shiga. Mutum ya share adireshin IPv4 ya ce ai kati ba shi da adireshi, alhali yana can yana ta gaisuwa.

Layi na huɗu ma da dalilinsa. Linux na ɗaukar adireshi a matsayin na kwamfutar gaba ɗaya, ba na kati ɗaya ba. Wato in wani ya tambayi adireshin Wi-Fi ɗinka, tambayar ta iso ta eth1, yana iya amsawa ta nan ko da eth1 ba shi da komai. In Wi-Fi ɗinka na cikin rezon da kake saurare, amsa za ta fita ta ƙofar da ka ɗauka bebiya ce.

Akwai kuma masu shela guda biyu da ke zaune a bayan fage: avahi-daemon, mai sanar da sunan kwamfuta ga maƙwabta, da lldpd, mai gabatar da na'ura ga suwici ta tsarin LLDP, in an girka shi. Tsayar da su da `systemctl stop` muddin kana aikin.

Yanzu sakata. Duk abin da muka yi roƙon manhajoji ne su yi shiru. Wannan kuwa rufe ƙofar ne ko sun so ko ba su so ba:

`tc qdisc add dev eth1 clsact`
`tc filter add dev eth1 egress matchall action drop`

Ma'anarsa, duk fakitin da ya zo fita ta eth1 a jefar. Yana aiki a Linux mai kernel 4.8 zuwa sama. Wani zai ce me ya hana iptables, katangar tace fakiti ta Linux? Abin da ya hana shi ne iptables fakitin IP kawai yake gani. ARP ba ya bi ta gabansa, kuma manhajar neman adireshi irin dhclient kan rubuta fakitinta kai tsaye ga kati, ta zagaye shi ta baya. Shi tc a bakin ƙofa yake zaune. Ya kuma ƙara maka wani alheri: `tc -s filter show dev eth1 egress` zai nuna adadin abin da ya jefar. In lambar na hawa, akwai mai ƙoƙarin magana da ba ka gano ba tukuna.

Saura abin da ke ƙasa da Linux ɗin kansa. Kati na iya tura ɗan saƙon "dakata" in kaya suka yi masa yawa, ba tare da ya shawarci kowa ba. Kashe shi:

`ethtool -A eth1 autoneg off rx off tx off`

Wasu katunan Intel na manyan sabobi, irin X710, suna da LLDP a cikin jikinsu. Ana kashe shi da `ethtool --set-priv-flags eth1 disable-fw-lldp on`. Kwamfutocin ofis na hannu na biyu da ke shigo mana, wasu na da Intel AMT, sabobi kuma da IPMI, tsarin sarrafa na'ura daga nesa, waɗanda kan raba rami ɗaya da katin ciki, su nemi adireshinsu ko kwamfutar na kashe. Wannan na cikin dalilan da suka sa na fi yarda da ɗan adaftan USB: ba shi da wayon da zai yi abin da ban sa shi ba.

Na ƙarshe ba na shiru ba ne, na gaskiyar abin da za ka gani ne:

`ethtool -K eth1 gro off lro off`

In ba haka ba, za a haɗe ƙananan fakitoci kafin su iso gare ka, ka riƙa ganin ƙatti da suka wuce bayit 1514, waɗanda ba su taɓa bin waya a haka ba. Daga nan `ip link set eth1 up`.

Kada ka yarda sai ka gwada

Kwamfuta ba ta zama shaidar kanta. Abin da kati ya tura da kansa, tcpdump, manhajar ɗaukar fakiti, na cikin gida ba ya gani. Saboda haka ka samo kwamfuta ta biyu, ka haɗa su da kabul kai tsaye, ba suwici a tsakani. A ta biyun:

`tcpdump -i eth0 -nn -e -Q in`

Sai ka zare kabul ka mayar sau uku ko huɗu, ka bar shi minti goma, ka sha shayi. Bai kamata layi ko ɗaya ya fito ba. A ta farkon kuma duba `ip -s link show eth1`, lambar TX, wato abin da aka tura, ta tsaya inda take. Don saƙon "dakata", wanda katin kwamfuta ta biyu kan haɗiye bai nuna ba, duba `ethtool -S eth0 | grep -i pause` in direban na ƙirga shi.

Sannan ka kashe kwamfutar sauraron ka kunna, kabul na ciki, ka ga me zai fito. Nan ne za ka gane cewa yawancin umarnin nan ba sa tsallake kashewa. Mu da muka san yadda wuta ke yi da bazara, watan Afrilu da Mayu, ba ma barin na'ura a ofishin mutane kwana uku kan saitin da ɗaukewar kuran ɗaya zai share. Sa layin IPv6 a fayil cikin `/etc/sysctl.d/`, sauran ka tara su a ɗan rubutun umarni da systemd zai gudanar, `ip link set eth1 up` ya zama layin ƙarshe. Ka sake gwajin.

In ba ka yarda da manhaja ba, yanke waya

Tabbacin da ba gardama shi ne a ce babu wayar da magana za ta bi. A layi mai gudun 10 ko 100, cikin wayoyi takwas na kabul huɗu kawai ke aiki: fil na 1 da 2 na turawa, na 3 da 6 na karɓa. A jerin T568B da muka saba matsewa, ruwan lemo su ne 1 da 2, kore su ne 3 da 6.

Ga yadda ake haɗa ƴar tatsa ta gida. Ka samu ramukan RJ45 huɗu irin na bango. Biyu su ne hanya: ka haɗa su fil da fil, layin da kake son saurare ya shiga ta ɗaya ya fita ta ɗaya. Sauran biyun kunnuwa ne. Kunne na farko: jawo reshe daga fil 1 na hanya zuwa fil 3 nasa, daga fil 2 zuwa fil 6 nasa. Kunne na biyu: 3 zuwa 3, 6 zuwa 6. Fil 1 da 2 na kunnuwan a bar su fayau, ba a haɗa su da komai. Kowane kunne ɓangare ɗaya na hirar yake ji, don haka kati biyu za ka sa, ka haɗe fayilolin daga baya da `mergecap -w duka.pcap a.pcap b.pcap`.

Rassan su zama gajeru ƙwarai, kuma kada ka warware murɗin wayar fiye da abin da ya zama dole, don dogon reshe na raunana layin mutane. Ka kuma kafe katin sauraron:

`ethtool -s eth1 speed 100 duplex full autoneg off mdix off`

Kalmar ƙarshen nan na da muhimmanci. Katunan yanzu sun iya musanya fil da kansu in suka ga ba a amsa musu, sai su koma turawa ta 3 da 6, wato daidai wayar da ka haɗa da layin. Ba kowane direba ne ke karɓar umarnin ba. Wanda ya ƙi, canza kati.

Wannan dabara ba ta aiki a gigabit, don shi duk tagwayen waya huɗun yake amfani da su, kowanne zuwa da dawowa a lokaci guda. Sai dai ka saukar da layin zuwa 100 daga saitin suwici. Ƴar na'urar nan Throwing Star LAN Tap ta Michael Ossmann ma abin da take yi ke nan, da gangan take dagula gigabit don layin ya sauko. In gudun ba zai taɓu ba, sai TAP na saye mai wutarsa. Na fibar kuwa haske yake rabawa, kashi 70 ya wuce gaba, 30 ya zo maka, ko rabi da rabi, kuma ba ya buƙatar wuta.

Gargaɗi ɗaya: layin da ke kai wa kyamara ko eriyar Wi-Fi wuta ta cikin kabul na ɗauke da wajen bolt 48. Kada ka sa tatsar gida a kansa.

Ɗauka

`tcpdump -i eth1 -nn -s 128 -B 16384 -C 200 -W 50 -w /data/kama.pcap`

`-nn` na hana tcpdump fassara adireshi zuwa suna. A nan da muke zubawa a fayil ba ya fassarawa dama, amma ka saba da sa shi, don ranar da kake kallo a allo ko kake karanta fayil da `-r`, in babu shi kwamfutarka za ta riƙa tambayar DNS, mai fassara adireshi da suna, sunan kowane adireshi ta ɗaya katin. Ka rufe ƙofa ka bar taga. A Wireshark ma ka tabbata fassarar adireshi ta hanyar tambayar DNS a kashe take. `-s 128` na ɗaukar kan fakiti kawai, wanda ya isa yawancin bincike, ya rage cika faifai, ya kuma rage maka ganin abin da ba ruwanka. In kana son duba cikin DHCP ko DNS sosai, sa `-s 0` ka tace, misali ka ƙara `port 67 or port 68` a ƙarshe. `-C 200 -W 50` fayil 50 ne masu megabayit 200, in sun cika a koma kan na farko, jimla gigabayit 10. Yi lissafinka tun da wuri: layin megabit 20 da ya cika, in ana ɗaukar komai, megabayit 2.5 ne a daƙiƙa, gigabayit 9 a awa. In ka tsayar da tcpdump zai faɗi adadin da ya zube. In ba sifili ba ne, ƙara lambar `-B`.

Mai Windows, shiga kadarorin katin ka cire alama daga komai: IPv4, IPv6, rabon fayil da firinta, LLDP, da biyun nan na gano taswirar rezo. Ka bar Npcap kaɗai, shi Wireshark ke sha ta ciki. Yana aiki, amma ba ka da sakata irin tc, don haka gwaji da kwamfuta ta biyu ya fi wajaba a kanka.

A makarantar nan, da na koma da katin da aka ɗaure, ban sa madubi a kan layin rutar ba. Na sa shi a ƙofar ɗaya daga cikin kwamfutocin da ke yankewa, don amsar DHCP wani lokaci kai tsaye ake kai wa mai tambaya, ba za ta bi ta layin rutar ba in daga wani wuri ta fito. Kwana biyu na bar na'urar. A Wireshark na tace da `dhcp.option.dhcp == 2`, wato tayin adireshi kaɗai. Masu tayi biyu suka bayyana. Ɗaya rutar makarantar, mai rabon 192.168.1, ɗayan kuma baƙo mai rabon 192.168.0, wanda ba ya bayyana sai daga ƙarfe 8 na safe zuwa azahar, Litinin da Laraba. Duk kwamfutar da tayinsa ya riga isa gare ta, ta bi shi, shi kuma ba shi da hanyar fita. Bayit uku na farkon MAC ɗinsa suka nuna kamfanin da ya ƙera shi, teburin suwici ya nuna ƙofa ta 14, kabul ɗin ƙofa ta 14 ya kai mu ɗakin malamai.

Bayan kabad muka same ta: ƴar rutar Wi-Fi da wani malami ke zuwa da ita daga gida ranakun da yake da darasi, don wayarsa ta samu intanet. Ya cusa kabul ɗin bango a ramin LAN, na cikin gida inda rutar ke raba adireshi, maimakon na WAN, inda intanet ke shigo mata. Da aka kira shi ya ce, "Wallahi Malam, ni na ga rami ne na sa." Yaron shagona ya zare kabul ɗin, ya mayar da shi rami mai launin shuɗi, na bar na'urar sauraron har Laraba ta gaba, mai tayi ɗaya kaɗai ta gani.